Tsohuwar Zuma a Gidan Wani

Jama'a masu saurare, iyayena da 'yan'uwana, na gida da na kasuwa da direbobin da suka kamo mu a kan hanya, darasin da muka tsaya a kansa makon jiya zai ɗan jira, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai, in ban amayar da shi ba, ba zan iya karanta muku komai ba.

Cikin makon nan aka aiko yaro ya kira ni sulhu a wani gida nan Badawa, bayan sallar isha'i. Ba zan faɗi layin ba, kada wani ya fara lissafi da yatsu. Na tarar da adaidaita sahu a ƙofar gida, an loda jakunkuna da katifar yara. Maigida yana tsaye a zaure da waya a hannu, hannun yana rawa. Wayar matarsa ce. A ciki akwai wata lamba da aka sa wa suna "Mai gas". To wannan mai gas, jama'a, ƙarfe biyun dare yake turo saƙo, yana tambayarta ko ta tuna ranar da ruwa ya tsare su a rumfar makarantar allo. Abokin wasanta ne na ƙuruciya, ɗan garinsu, wani ƙaramin gari da bai yi nisa da Kano ba. 'Yan ajinsu na firamare suka buɗe zaure a WhatsApp, a nan ya tsinci lambarta. 'Ya'ya huɗu ne a gidan. Autar tana bakin ƙofa riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, tana tambayar uwarta ina za su da daddaren nan.

Aka kira mutumin a gabanmu. Kun san abin da ya ce? "Haba Malam, zumunci ne kawai."

Zumunci! Wane irin zumunci ne ake sauya masa suna a waya? Wane zumunci ne ake goge shi kafin maigida ya dawo daga masallaci? Zumuncin da muka gada da rana ake yin sa. A zo a yi sallama, a gaisa da maigida a zaure, a miƙa tsarabar yara, shi da kansa ya leƙa ciki ya ce ɗan garinku ya zo, fito ku gaisa. Wanda ake yi cikin bargo da hasken waya, a sassauta murya, a sa wa wayar mabuɗin sirri, ku nema masa wani sunan. Ranar da ka fara ɓoye shi, kai da kanka ka riga ka yanke masa hukunci.

Kuma kada maza su gyara zama su ce yau Malam ya kama mata. Da ku nake, ku ne gaba. Kai mai gemu, kai na sahun farko, kai ne ka bi zauren 'yan aji kana duba hotuna ɗaya bayan ɗaya har ka gano ta. Kai ne ka fara da "Hajiya, kin gane mai magana?" Gobe ka ce ya yara. Jibi ka ce har yanzu muryarki ba ta canza ba. Gata ka tura mata katin waya, ka ce na yara ne. Ranar da ta yi kuskuren cewa maigidan ya ɓata mata rai, sai ka ja dogon numfashi ka ce, "Ai da ni ne, da ba haka ba." Da wannan kalma ɗaya ka fara cin gidan bawan Allah kamar gara: daga waje azara tana nan lafiya, sai ranar da rufin ya rufto a kan yara. In an tambaye ka ka ce zumunci ne kawai, wai da tsohuwar zuma ake magani. Zumar da ke cikin ɗakin wani ba taka ba ce, ɗan'uwa!

Ku tuna yadda muka taso. A ƙananan garuruwanmu kowa ya san kowa. Yarinya ta ɗauki tallan goro ta tsaya da wani yaro a bakin rijiya, kafin ta koma gida labari ya riga ta. Da an ɗaura mata aure, shi ke nan, an rubuta "ba a shiga" a ƙofar gida, namiji baligi iyakarsa zaure. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma tun daga lokacin ta ƙetare zauren ba sallama. Dubi gidajen da ke nan gefenmu a Nassarawa: katanga doguwa, waya mai ƙaya a sama, maigadi a ƙofa, an kashe kuɗi kada ɓarawo ya ɗauki talabijin. Mai satar zuciyar uwar gida kuwa yana kwance a gidansa, yana shigowa har gefen gado, maigadi bai ji motsinsa ba.

Ke kuma 'yar'uwata, ki saurare ni da kyau. Wannan da yake miki daɗin baki, ke 'yar shekara goma sha biyar ya sani, mai lalle da kitso da tallan ƙosai. Bai taɓa kai ki asibiti da tsakar dare kina naƙuda ba. Bai biya kuɗin makarantar ɗa ko guda ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mijinki yake haɗa gumi kafin ya kawo kuɗin cefane, ya dawo a gajiye fuska a murtuke, shi kuwa wancan abin da ya kashe a kanki bai wuce kuɗin data ba. Dole ya fi iya zance. Ki kai masa takardar kuɗin haya ki ga ko muryar za ta ci gaba da zaƙi.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya barranta daga wanda ya hure wa mace kunne a kan mijinta, hadisin yana cikin Abu Dawud. Malamanmu na Malikiyya suka tsananta, suka ce wanda ya lalata auren wani don ya aure matar, in ya aure ta a raba auren. Kai da ka lissafa cewa za ka zuga ta ta tayar da hankali har a sake ta, ka jira idda ka kawo sadaki a sha biki, to ka ji. Ko macen da ke cikin idda, littafin Risala ya ce ba a neman aurenta, balle wadda ke ɗakin mijinta da igiya uku cur a kanta. Amma kai ka ce zumunci!

Bari in ba ku labarin wani dattijo, ɗan garinmu, can ta hanyar Gezawa. Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Tare suka taso da wata yarinya, gidajensu katanga ɗaya. Tare suke kai abinci gona, tare suke zuwa ɗiban ruwa, in watan azumi ya kai goma shi yana cikin 'yan tashe, ita tana cikin 'yan mata masu amshi. Duk gari an san wance ta wane ce. Da ta isa aure, mahaifinta ya ce ya riga ya yi wa ɗan amininsa alkawari. Yaron nan ba shi da ko akuya. Aka ɗaura, aka kai amarya unguwar gabas. Shekarar ta zo da fari, farin 1984, gero bai yi ba, sai ya ɗaure tabarmarsa ya shigo Kano cirani.

Ya sami aiki a wata masana'anta a Bompai. Ku yaran yanzu ba ku san Bompai ba. Lokacin da Bompai take Bompai, in an tashi daga aiki kekuna ne suke cika titi, masu abinci a jere, mutum ya karɓi albashi ya yi wa iyayensa aike har ya ajiye na adashi. Yau ka bi wasu layukan sai ƙofofi a garƙame da ciyawa. Allah ya dawo mana da albarka. To da aiki ya tsaya, sai ya koma kasuwar Yankaba, ya fara da dakon kwandunan tumatir da ake saukewa daga Kura da Kadawa, a hankali ya kama tasa rumfar, ya yi aure, ya yi ɗan gini nan bayan Badawa. Mutum ne mai barkwanci, in ka je sayen albasa sai ya cika maka leda da gyara ya ce na almajirai ne. Amma ba wannan nake son faɗa ba.

Duk Sallah yana zuwa gida. Hanyar da ta fi kusa daga tasha zuwa gidansu ta ƙofar gidan mijin matar nan ta bi. Bawan Allah nan sai ya zagaya ta bayan makabarta, da kayansa a ka. Abokai suna yi masa tsiya, ya ce ƙafarsa yake motsawa. Da waya ta zo, wani ƙaninta ya kawo masa lambarta a 'yar takarda, yana ganin gwaninta ya yi. Ya karɓa, ya ninke, ya mayar masa a aljihu, ya ce, "Ka gaishe da maigidanta." Kada ku ɗauka son ya mutu. Shi ya gaya mini da bakinsa, bayan ya tsufa, cewa ko sunanta aka kira a kasuwa, ko da wata ake nufi, sai gabansa ya faɗi.

Sama da shekara ashirin a haka, sai mijin ya rasu. Dattijon nan ya je ta'aziyya, ya zauna cikin maza a ƙofar gida, ya yi addu'a, ya kamo motar Kano. Bai aika ba, bai leƙa ba. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma. Da ta fita, wa kuke tsammani ya fara gaya wa? Uwargidansa. Ya zaunar da ita ya faɗa mata komai tun daga farko. Ta yi fushinta, ta yi kukanta, wannan haƙƙinta ne, har ta yi yaji zuwa gidan yayarta a Giginyu, ya bi ta da biko. Sannan ya tura baffansa da goro wajen yayan matar, domin uban ya riga ya rasu. Yayan ya hau dokin naƙi, wai gidansu ba a mayar da hannun agogo baya, wanda uba ya hana shi ba zai ba shi ba. Sai da limamin garin ya kira shi ya tuna masa da Ma'aƙil ɗan Yasar, sahabin da ya rantse ba zai mayar da ƙanwarsa ga mijin da ya sake ta ba, alhali su biyun suna son juna, har aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka ta hana waliyyai irin wannan tarewa, Ma'aƙil ya sauko ya ɗaura. Yayan ya yi shiru, ya ce a sa rana. Na halarci ɗaurin auren. Ango da furfura, amarya da jikoki, garin nan kaf ya fito, tsofaffi suna dariya suna cewa ashe rabo yana nan. Babu wanda ya sunkuyar da kai a ranar, babu yaron da aka fitar da shi daga gidan ubansa da dare.

Na ja ku da nisa, ku yi haƙuri, mai kula da na'ura ma yana nuna mini agogo. Ku dawo mu ƙarasa.

'Yan'uwana, ban ce son da kuka yi a ƙuruciya laifi ba ne. Zuciya ba ta neman izini kafin ta tuna. In bazawara ce, ta gama iddarta, kai kuma kana da hali, bismillah, ga ƙofa a buɗe. Ka tura manya. A Kano muke, inda gwamnati da Hisba suka fara aurar da zawarawa tun 2012, a watan Oktoban 2023 ma aka ɗaura aure 1,800. Ku je ku yi gwajin lafiya da dokar jiha ta 2024 ta wajabta, a ɗaura da rana tsaka, mu zo mu ci alawa mu yi addu'a. Iyaye da yayye, don Allah in irin wannan ta zo gabanku, kada tsohon girman kai ya sa ku tare hanya, ku tura su ga ɓoye.

Kai maigida da ka ga abin da ba ka so a waya, na san zafin. Amma ka riƙe harshenka, kada ka furta uku a tsaye cikin fushi, gobe ka zo kana neman malamin da zai warware maka. Ka kira manyanta da naka. Ka kuma tambayi kanka yaushe rabon da ka zauna da ita ku yi hira ba ta kuɗin cefane ba.

Ke kuma ƙanwata, 'yata, da kike saurare yanzu a kicin ko a ɗaki, gabanki yana faɗuwa domin kin san akwai wata lamba a wayarki da ba sunan mai ita ke kanta ba: ban san ki ba, ba na kuma son in san ki. Allah ya rufa miki asiri har yau, kada ki yaye da hannunki. Ba sai kin yi masa dogon bayani ba, dogon bayani shi ke sake buɗe hira. Ki rubuta masa layi ɗaya, ki ce ni matar aure ce, kada ka sake nemana, ki toshe lambar. In zauren 'yan ajin ne ƙofar, ki fita, ba wanda zai mutu. Zai yi ciwo kwana biyu, ki kai kukan kan sallaya. Kai ma ɗan'uwana, in da gaske kana ƙaunarta kamar yadda kake faɗa, ka bar ta ta zauna lafiya a ɗakinta, ka goge lambar tun kafin ka kwanta yau.

Allah ya shirye mu, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu ɗora daga babin da muka tsaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.