Mota ta ƙi tashi: wa zai biya kuɗin zato?

Akwai wata gardama da ake yawan kawo wa masu jan salla a unguwar nan, kuma ta mota ce. Mutum ya kai tsohuwar Golf ɗinsa gareji saboda ta ƙi tashi. Bakanike ya ce batir ne, aka sayo sabo, ta ƙi. Ya ce kik ne, aka canza, ta ƙi. Can da yamma sai a gano wata waya ce ta kwance. Mai mota ya ce sisi ba zai biya ba, bakanike ya ce ai yini ya yi a ƙarƙashinta. To, wa ke da gaskiya?

Kafin a yanke hukunci sai an san aikin. Mota ba ta ƙin tashi haka kawai, tana nuna inda ke mata ciwo. Ka murɗa makulli ka saurara. In ka ji "tik-tik" kuma fitilu sun dushe, wuta ce ba ta isa ba: ko batir ya yi sanyi, ko farin garin nan ya taru a kawunansa ya hana wuta wucewa, abin da ruwan zafi da burushi ke magancewa. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6 a mita, kuma awon ba ya cin minti biyu. In fitilu na haske garau amma inji shiru, a nan ne ake duban kik da wayoyinsa. In kuwa inji na juyawa amma bai kama ba, an wanke batir da kik, saura wutar fulogi ko mai. A Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975, sai a zare wayar fulogi a ga ko tana tartsatsi, a leƙa kafireta a ga ko mai ya iso. A mota mai famfon mai na lantarki, kunne ya isa: da ka buɗe makulli za ka ji ɗan gurnaninsa daga wajen tanki, in babu sai a fara da fiyus. Ga kuma man bumburutu mai datti da ke toshe matata, ga ƙurar hunturu. Hatta turi shaida ne, domin motar da aka tura ta tashi nan take ta gaya maka mai da fulogi lafiya lau suke.

Ashe akwai hanyar sani, kuma mai araha ce. Saboda haka bakaniken da ya tsallake ta ya ce "batir ne, je ka sayo" ya sayar da zato da sunan ilimi. A Risala ta Ibn Abi Zaid da muka karanta a gaban malamai, mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa a hannu, don kada dukiyar mutane ta salwanta a banza. A fahimtata, wanda ya ce ya tabbata alhali bai gwada ba, shi zai ɗauki asarar abin da ya sa aka saya. Wanda ya ce "Alhaji, ina zaton kik ne, amma ban tabbata ba," mai mota ya ce a canza, to wannan ya fita, sun yi tarayya a zaton.

Sai dai fa, jama'a, mu ma masu mota akwai namu. Mu ne ba mu biyan dubawa. Yaro ya yi awa guda yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ya gano wadda ta kwance, ya ɗaure, sai ka ji an ce "wannan ɗan abin?" a miƙa masa kuɗin shayi. Wanda ya zare kik ya baje shi a ƙasa, hannu duk baƙin mai, shi ake biya babu ciniki. Mu 'yan kasuwa mun saba biyan abin da ake aunawa a mudu, sani kuwa ba ya shiga mudu. Bakanike yana da iyali, ya lura da abin da ke kawo kuɗi, ya bi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ƙara matse aljihu, sai abin ya ƙara muni.

Kuma asarar ba ta tsaya a kuɗi ba. Motar da aka tayar ba tare da an san abin da ya kashe ta ba, za ta sake mutuwa, wataƙila a hanyar Tegina ko ta Rijau bayan magariba, da mata da yara a ciki. Kowa ya san halin da hanyoyin nan suke.

Abin da nake gaya wa masu kawo ƙara shi ne a raba ciniki biyu tun farko. A yanka kuɗin dubawa daban, a biya ko da fiyus ne kawai aka samu. Sannan kafin a sayi komai, bakanike ya nuna awon a idon mai mota, tsohon kayan da aka cire kuma a mayar masa a but ɗinsa.