Abin Lura: Kowa Na Son Kujera Ta Takwas

A shekarar 1957 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna 12 Angry Men, wanda Sidney Lumet ya ba da umarni, Henry Fonda kuma ya fito a matsayin jarumi. Maza goma sha biyu ne aka kulle a ɗaki guda, ana tsananin zafi a birnin New York, aka ce su yanke hukunci kan wani yaro ɗan shekara 18 da ake zargin ya daɓa wa mahaifinsa wuƙa har lahira. A tsarin shari'ar can, mutanen gari irin waɗannan ne ke cewa an aikata ko ba a aikata ba, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. In sun ce ya aikata, kisa ne.

Da aka kaɗa ƙuri'ar farko, sha ɗaya suka ce ya aikata. Mai lamba takwas a cikinsu, wanda Fonda ya fito a matsayinsa, shi kaɗai ne ya ƙi. Bai ce yaron bai yi ba. Cewa ya yi rai ya fi ƙarfin a sallama shi cikin minti biyar, a zauna a tattauna tukuna.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba lokacin fitowarsa, duk da ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin. Daga baya ne ya karɓu, har aka sake yin sa a Indiya a 1986, a Rasha kuma a 2007. Abin lura yana cikin maganganun da masu kallo ke yi in an gama.

Kusan kowa yakan tashi yana ganin shi ne mai lamba takwas. Da wuya ka ji wanda zai ce shi ne mai lamba bakwai, wanda tikitin kallon wasa ke aljihunsa, ya ƙosa a tashi, daga ƙarshe ya sauya ƙuri'arsa don kawai ya gaji da zaman. Babu mai ɗaukar kansa mai lamba goma, wanda ya dinga zagin 'yan unguwar talakawa yana cewa duk halinsu ɗaya, har yawancin sauran suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka juya masa baya. Haka ma mai lamba uku, wanda haushin ɗansa da suka ɓata yake son hucewa a kan ɗan wani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In da duk masu tafa wa Fonda irinsa ne, da ba a samu mutum sha ɗayan da za su cika sauran kujerun ba.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Mutane da yawa kan ce an ceci yaron da bai ji ba bai gani ba, alhali fim ɗin bai faɗi haka ba. Ba a nuna kisan ba, ba a kama wani daban ba. Shaidun kawai aka bi aka auna. Tsohon da ke jan ƙafa ya ce ya isa ƙofa cikin daƙiƙa 15. Da aka kwaikwayi tafiyarsa a ɗakin, sai aka ga ta haura 40. Matar da ta ce ta hango kisan daga kan gadonta, ta tagogin jirgin ƙasa mai wucewa, an tuna da shatin tabarau a karan hancinta, kuma ba a kwana da tabarau. Wannan ya isa ya jefa shakka, amma bai isa ya wanke kowa ba. Wanda ya tashi daga kallo da yaƙinin cewa yaron na da gaskiya ya maimaita gaggawar mutum sha ɗayan nan, ɓangare kawai ya sauya.

Shi kansa jarumin ba a rasa abin cewa a kansa ba. Sonia Sotomayor, alƙaliyar Kotun Ƙolin Amurka, ta faɗa a Jami'ar Fordham a 2010 cewa fim ɗin na cikin abubuwan da suka ja ta zuwa aikin shari'a. Duk da haka ta nuna cewa abin da mai lamba takwas ya yi, na sayo wuƙa irin wadda aka yi kisan da ita ya shigo da ita ɗakin, ya saɓa wa ƙa'ida. Ƙaunar fim ɗin ba ta hana ta auna shi ba.

A kotunanmu alƙali ne ke yanke hukunci, amma kullum muna zaman shari'a: a majalisar ƙofar gida, a WhatsApp, da kuma a kasuwa in an yi ihun "ɓarawo!" Tun tuni malaman fiƙihu suka koyar da cewa shubuha na kawar da haddi, domin kuskuren saki ya fi kuskuren hukunci sauƙi. Don haka in an kawo maka labarin wani ana jiran ka sa baki, tambayi wa ya gani da idonsa, daga ina, kuma cikin wane hali. In amsar ba ta gamsar ba, ka ce ba ka tabbatar ba, ko da kuwa majalisar za ta ji haushinka.