Kuɗin Jinya Da Kuɗin Bincike: Wanne Ya Fi Cancantar Sadakarmu?



Akwai wata gardama da takan taso a zangunanmu idan aka ce ɗan wani gida ya kamu da sankarar jini, wadda likitoci ke kira lukimiya. Da farko kowa bakinsa ɗaya. Ana yin shela a masallaci bayan sallar Juma'a, mata su ciro daga adashi, 'yan'uwa da ke Jamus da Amurka su aiko da abin da ya sawwaƙa. Gardama tana farawa ne ranar da iyayen yaron, ko wasu cikin masu tara kuɗin, suka ce a ware wani kaso don taimakon masu binciken cutar. Nan take wani zai miƙe ya ce: yaro yana kwance a asibiti, uwarsa ta rufe shago wata uku, ku kuwa kuna zancen bincike? Binciken wa? Mu dai a ganinmu mai wannan magana ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa.

Bari mu fara da rabin da ya faɗa. Cutar nan a cikin ɓargo take tsirowa, inda jiki ke ƙera jini. Ɓargon sai ya riƙa zubo fararen ƙwayoyin jini waɗanda ba su nuna ba, su cika wuri, su hana masu lafiya fitowa. Shi ya sa yaro yake ɗashewa, zazzaɓi ya ƙi sauka, ƙasusuwa su yi ta ciwo, dasashi ya yi jini. A gida kuwa sai mu ce zazzaɓin sauro ne, ko sikila, ko kuma, Allah Ya yafe mana, mu fara kallon kishiya. Kafin a kai shi Korle Bu a Ankara ko Komfo Anokye a Kumasi an ɓata makonni.

Nau'in da ya fi kama yara yana warkewa, amma maganinsa yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku. Wurin da ya fi haɗari ba ranar farko ba ce. Bayan wata ɗaya ko biyu da fara magani yaro yakan murmure, ya ci abinci, ya nemi ƙwallonsa, sai iyali su ɗauka an gama, alhali cutar laɓewa ta yi. Daidai lokacin nan ne kuɗin da aka tara yake ƙarewa, masu zuwa dubiya kuma su ɗauke ƙafa. Tun shekarar 2022 inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, ta shigar da cututtukan daji huɗu na yara cikin abin da take biya, har da wannan nau'i, kuma abin a gode ne. To amma inshora ba ta biyan kuɗin mota daga Bawku ko Wa zuwa Kumasi, ba ta biyan masauki, ba ta ciyar da sauran yaran da aka bari a gida wurin kaka. Saboda haka babu wanda zai musa cewa haƙƙin farko na yaron da ke gabanmu ne, kuma haƙƙi ne na shekara uku, ba na Juma'a ɗaya ba.

Ga ɗaya rabin kuma. Mu tambayi kanmu: maganin da ake ɗura wa yaron nan, daga ina ya fito, wa ya biya kuɗinsa? Kafin 1948 duk yaron da aka samu da wannan cuta mutuwa yake yi cikin 'yan watanni, ko ɗan wane ne. A shekarar ce wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya bayyana cewa ya gwada wani magani a kan yara 16, 10 daga cikinsu suka sami sauƙi na ɗan lokaci. Na ɗan lokaci fa, domin cutar ta dawo musu. A wannan shekara aka sa wani yaro majinyacinsa a rediyo, aka ɓoye sunansa na gaskiya aka kira shi Jimmy (mu masu yaɗa hoton yaro tsirara da robar ƙarin ruwa a hannunsa ta WhatsApp, mu lura da wannan suturar), mutane suka aiko da fiye da dala 200,000 don bincike. A 1962 Danny Thomas, ɗan wasa wanda iyayensa suka yi ƙaura daga Labanan, ya buɗe asibitin St. Jude a Memphis da kuɗin taimakon jama'a, a lokacin da ko yaro ɗaya cikin goma ba ya tsira daga cutar. Yau a ƙasashe masu arziki kusan tara cikin goma suna tsira.

Waɗanda suka ba da wancan kuɗi, da yawansu 'ya'yansu ba su ci moriyarsa ba. Iyayen da suka yarda aka gwada magani a jikin 'ya'yansu sun binne su. Ɗanmu da ke Korle Bu yau yana shan inuwar bishiyar da mutanen da bai sani ba suka dasa, mutanen da ba addininsu ɗaya da shi ba, ba su kuma taɓa jin sunan Nima ko Aboabo ba. Mu da muke karantar da yara a makarantun allo cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, wa muke jira ya tono maganin? Ko ɗaya daga cikin magungunan cutar, vinkiristin, daga wata fulawa ta tsibirin Madagaska aka fitar da shi, fulawar da ake shukawa don ado a ƙofar gidaje. Ta daɗe tana nan, bincike ne ya gano abin da ke cikinta.

Kada kuma a ce bincike aikin Turawa ne. Farfesa Francis Nkrumah, ɗan Kwame Nkrumah, ya yi shekaru yana bincike a Korle Bu kan ciwon dajin Burkitt mai kumbura muƙamuƙin yara. Tambayoyinmu ma daban suke da nasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa a ƙasashe masu arziki, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma a 2018 ta sa burin kai duniya kashi 60 kafin 2030. Magani ɗaya, sakamako daban. Me ya sa? Wane awo na magani jikin yaron da bai ƙoshi ba zai iya ɗauka? Me ke sa iyali su gudu daga jinya, me zai tsayar da su? Ba wanda zai amsa mana waɗannan daga Boston.

Inda muka tsaya shi ne, kuskuren yana wajen haɗa asusun biyu. Kuɗin da aka tara da sunan yaro amana ce. Tsohuwar da ta kwance bakin zane ta ba da sidi biyar ta bayar ne don wane ɗan wance ya warke, ba halal ba ne a karkatar da shi zuwa wani aiki, komai kyansa, ba da saninta ba. Idan an yi rara, ko kuma Allah Ya karɓi yaron, a koma ga jama'a a tambaye su a fili. Shi kuwa bincike a buɗe masa nasa asusun, da nasa littafin lissafi, a kuma san cibiyar da za a miƙa wa. Ko zakka tana shiga wannan, malamai sun yi saɓani, mun bar musu. Amma ƙofar sadaka da waƙafi a buɗe take.

Za a ce mu talakawa ne, ina muka ga na asusu biyu? Mu duba abin da muke kashewa a atamfar yayi ta biki guda, da rumfuna da kujeru da shinkafar addu'ar arba'in. Sau nawa aka kasa haɗa kuɗin motar kai yaro asibiti, amma da ya rasu aka yanka sa?

Iyayen da suka ce a taimaki bincike alhali ɗansu yana kwance, bai kamata a zarge su da rashin tausayi ba. Su ne suka kwana a ɗakin jinya, suka ga gadon da ke kusa da nasu ya zama wayam da asuba. Wanda kuma ba shi da ko pesuwa, yaran nan suna buƙatar ƙarin jini akai-akai a watannin farko, kuma ɗakin ajiyar jini na asibitocin biyu yana karɓa daga matashi mai lafiya da ya kai shekarun bayarwa.