Shin Shan Kaye Abin Kunya Ne?

Akwai wata tambaya da ta kamata 'yan makaranta su tsaya su auna, balle waɗanda 'yan tamaular makarantarsu suka ƙare shekara ba su ci kowa ba. Shin wanda aka kayar a fili ya yi abin kunya ne? Mun sha ganin yara a Fagge, an cinye su ran Asabar, ran Litinin sai su bi lungu lungu zuwa makaranta, kai ka ce da kayan sata aka kama su. A ganinmu ba su gane inda kunya take ba, kuma manya ne suka ɓad da su.

Ku dubi Kano Pillars, wadda filin wasa na Sabon Gari ke amsa sunanta. An kafa ta a 1990. Ta zama zakarar ƙasa a 2008, kana ta jera sau uku, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fid da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka. Abin da ya fi wannan ban mamaki, shekara 12 ba baƙon da ya ci ta a gida cikin gasar ƙasa, sai a 2015 Nasarawa United ta zo ta karya lagonta. Watau yaron da aka haifa farkon wannan zamani har ya yi wayo bai san ana cin Pillars a Kano ba. To, ta nan cuta ta shiga. Mutum in ya daɗe bai faɗi ba, sai ya zaci tsayuwa gadon gidansu ce, duk wanda ya kayar da shi kuwa ko maguɗi ya yi, ko alƙalin wasa ya saya.

Da shekarar wahala ta zo, a 2022, sai halin ya fito. Cikin watan Afrilu, ran wasa da Katsina United a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, waɗansu 'yan kallo suka hasala, suka farfasa motar baƙi. Hukuma ta zabge wa Pillars maki 3, ta mai da wasanninta na gida Abuja. Ƙarshen shekara ta gangara rukuni na biyu. Ga kaye iri biyu ke nan. Na 'yan wasa, waɗanda suka yi gumi ƙwallo ta ƙi shiga raga, ba mu ga abin sunkuyar da kai a ciki ba. Na masu jifan baƙo a garin da ya yi suna wajen saukar baƙi, wannan shi ne abin kunya, ko da a ce an ci goma ran nan.

Wani zai ce, ai wasa ne kawai, kome ya faru kada a damu. Mu ba mu yarda ba. Yaron da aka ci makarantarsu bai ji zafi ba, da ma bai sa ransa ba, kuma ba mu so a sa shi tsaron gida. Amma fa zafi daban, kunya daban. Zafi na abin da ya fi ƙarfinka ne: abokan karawa sun fi ku tsawo, sun fi ku horo, ko iska ta juya. Kunya kuwa sai a kan abin da ke hannunka, kamar gudun motsa jiki da asuba, da ɗora wa mai tsaron gida laifin mutum goma sha ɗaya, da sulalewa daga ƙungiya don an daina tafa mata.

'Yan dambe, da ake taruwa kallonsu nan Sabon Gari, sun riga mu fahimtar wannan. In ɗan dambe ya kai ƙasa, cewa ake yi an kashe shi, ba kalmar da ta fi wannan nauyi. Duk da haka sai ya tashi ya kakkaɓe ƙura, gobe makaɗi ya kira shi da kirarinsa bai rage kome ba. Wanda ake yi wa dariya shi ne wanda aka kira ya ƙi fitowa.

Pillars dai ba ta ƙi fitowa ba. Ta yi shekara guda tana zagaya ƙananan filaye, kyaftin ɗinta Rabi'u Ali bai bar ta ba, a 2023 ta komo rukuni na farko. Katsina United, wadda suka gangara tare, ita ma shekarar nan ta hau.