Aljani a Cikin Littafi, Amana a Wuyan Mai Sharhi

Gabatarwa

Duk wanda ya ce wa yarinya 'yar shekara 15 ta karanta wani littafi, ko ya ce mata ta guje shi, ya ɗaukar wa kansa nauyi, ko ya sani ko bai sani ba. Ita ba ta karanta ba tukuna, saboda haka da idonsa take gani. In ya yabi abin da bai cancanci yabo ba, ya tura ta cikin ruwan da bai auna zurfinsa ba. In kuwa ya kushe abin da bai karanta ba, ya zalunci marubuci, ya kuma koya wa yarinyar cewa maganar manya a kan littafi ba abin dogaro ba ce. Tambayar da nake son bin diddiginta ita ce: wane haƙƙi ne ke wuyan mai sharhin littattafan matasa, musamman iri biyun da aka fi yanke wa hukunci tun kafin a buɗe su, wato labaran soyayya tsakanin mutum da aljan, da ƙagaggun labaran kimiyya? Matsayina shi ne, mai sharhi shaida ne. Abin da ake nema wurin shaida kuwa shi ne ya ga abu da idonsa, sannan ya faɗe shi yadda yake, ko da bai yi wa kowa daɗi ba.

Ina wannan magana ne daga Sabon Garin Wudil, inda nake koyar da Hausa a wata makarantar sakandare, nake kuma rubuta wa ɗalibaina sharhin abin da suke karantawa. Wudil gari ne da tambayar ta dace da shi. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda a yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga kuma kogi da labaran 'yan ruwa da masunta suka gada kaka da kakanni. Yaron da ya wuni yana lissafin gudun haske, da dare ba zai watsa ruwan zafi a tsakar gida ba sai ya yi bisimilla. Shi bai ga wani karo tsakanin abubuwan biyu ba, kuma littattafan da yake karantawa a waya daga nan suke ɗebo ruwansu.

Aljani ba baƙo ba ne a adabinmu

Wanda yake ganin shigar aljanu cikin littafi wata ɓarna ce ta 'yan zamani, ya manta da mafarin ƙagaggun labaranmu. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukansu biyu aljanu sun taka rawa a cikinsu. Yau su ne muke ɗora wa ɗalibai su yi jarrabawa a kai. A 1969, shekarar da 'yan Amurka suka sauka a duniyar wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda yaro Bahaushe ya yi tafiya a sararin samaniya. Ashe ko labarin kimiyyar ma ya haura shekara 50 a harshenmu.

Abin da ya sauya shi ne masu rubutu da masu karatu. Daga shekarun 1980 matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwa, ana bayarwa haya a unguwanni. A shekarun 1990 aka tafka muhawara a jaridu: Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, yayin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a kan cewa adabi ne da ya cancanci nazari. Wannan muhawara, duk zafinta, tsakanin mutanen da suka karanta aka yi ta. A 2007 kuwa, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an tara littattafai an banka musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano. Wuta ba ta san littafin da ke lalata tarbiyya da wanda ke gyara ta ba, duk toka ɗaya take mayar da su.

Yau labarin ya bar takarda ya koma waya. Ana sakinsa kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad, ana karanta shi da murya a YouTube, mai so ya tura 'yan kuɗi a saka shi a zaure. Babu ashanar da za ta kai nan, kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano ba za ta iya leƙa wayar kowace yarinya ba. Abin da ya rage tsakanin matashi da abin da zai karanta shi ne maganar wanda ya riga shi karantawa.

Shaidun zur iri biyu

A nan ne amanar take, kuma ta hanya biyu ake cin ta. Akwai wanda da ya ji an ambaci so da aljani shi ke nan ya gama hukunci, ya ce shirme ne ko fitsara. Bai karanta ba, ko ya karanta shafi uku yana neman abin kamawa. Akwai kuma wanda marubuciya ta tura wa littafi haɗe da ɗan hasafi, sai ya fito yana cewa ba a taɓa rubuta irinsa ba. Na farko ya ɗauki kansa alƙali, na biyu ya zama maroƙi, amma a wurin yarinyar da ta dogara da su laifinsu ɗaya ne, domin kowannensu ya ba da shaida a kan abin da bai tsaya ya gani ba. Illar mai kushewa ta fi ɓoyuwa. Ranar da yarinyar ta saci jiki ta karanta littafin da aka ce mata guba ne, ta tarar da labari mai daɗi, daga ranar ta daina saurarensa, har a lokacin da gargaɗinsa yake gaskiya.

Da wane mudu za a auna?

An ruwaito cewa wasu mutanen Yaman sun tambayi Imam Malik game da aljanin da ya nemi auren wata yarinya a cikinsu. Badaruddin Shibli ya kawo ruwayar a littafinsa Akamul Marjan. Abin da aka ce Imam ya duba shi ne abin da zai biyo baya a tsakanin mutane: ya ƙi abin ne don kada mace ta zo da ciki ta ce mijinta aljani ne, ɓarna ta yawaita. Darasin da na ɗauka a nan na mai sharhi ne. Bai tsaya yana mamakin aljanin ba, sai ya tambayi abin da maganar za ta haifar a gidajen 'yan Adam.

Haka ya kamata a tunkari labarin soyayyar aljani. Kasancewar aljani a ciki ba ya sa littafi ya zama mai kyau ko maras kyau. Tambayar ita ce, wane abu ne labarin yake kira so? Wani littafi ya zaga wayoyin ɗalibaina mata a wani zangon karatu. Aljani ne ya ga yarinya a bakin kogi, ya bi ta gida. Yana shiga ɗakinta tana barci, yana sa wa duk saurayin da ya zo zance ciwo, yana raba ta da ƙawayenta, a ƙarshe ta sallama, aka rufe labari da daula da zinare. A sharhina na yabi abin da ya cancanci yabo, domin marubuciyar ta iya hira, ta kuma san yadda ake riƙe mai karatu daga kashi zuwa kashi. Sannan na nuna abu ɗaya: tun daga farko har ƙarshe babu inda aka tambayi yarinyar nan ko tana so. Da na karanta musu, sai wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai don yana son ta ne." Na ce mata, "To ke in ɗan unguwarku ne ya yi miki haka, me za ki kira shi?" Aji ya yi tsit, can sai wata daga baya ta ce, "Mugu."

Abin da ke cikin hatsari ke nan. Adabin nan da aka yi ta zargi da lalata 'yan mata, shi ne ya fi kowa yaƙi da auren dole. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya tsaya ne a kan haƙƙin budurwa ta zaɓi talakan da take so a kan mai kuɗin da aka zaɓa mata. Wani labarin aljanin kuwa yana iya dawo da auren dolen nan ta taga, ya fesa masa turare, ya sa wa tilas suna ƙauna. Mai sharhin da ya san tarihin adabinsa shi zai gane haka. Shi ne kuma zai gane wani littafin, mai aljani iri ɗaya, inda yarinyar ta ce a'a kuma labarin ya mutunta a'ar tata, ya ce wa ɗalibansa ga wanda ya fi.

Wani zai ce ai Turawa ma suna da irinsu. Gaskiya ne. Twilight na Stephenie Meyer, da ya fito a 2005, labarin budurwa ne da wani halitta mai shan jini da ke kallonta tana barci, kuma masu sharhi a can sun yi irin wannan ƙorafi. Sai dai akwai bambanci. Yarinyar Amurka ta san babu mai shan jinin nan a duniya. Yarinyar Wudil kuwa ta yi imani da samuwar aljanu, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, kuma ta taso tana jin ana cewa wance namijin dare ne ya hana ta aure, ko ana danganta farfaɗiyar wani yaro da iskoki ana jinkirta kai shi asibiti. Labari a nan yana sauka ne a kan ƙasar da ta riga ta jiƙa. Don haka nauyin mai sharhi Bahaushe ya fi na takwaransa na can, kuma ba zai iya aron mudunsu ya auna namu da shi ba.

Shi ma labarin kimiyya yana da tasa tambayar. Na sha karanta labaran matasa da ke cike da jiragen sama-jannati da mutum-mutumi masu magana, amma in ka cire na'urar ka sa zoben tsafi a gurbinta, babu abin da zai sauya. Ba laifi ba ne a rubuta tatsuniya, sai dai haƙƙin mai karatu ne a gaya masa tatsuniya ce ta sa rigar kimiyya. Labarin kimiyya na ƙwarai yana koya wa yaro cewa kowane abu yana da sanadi, kuma wanda ya ƙera abu yana da alhakin abin da ya ƙera. A garin da ake horar da injiniyoyi, wannan darasi ba ƙarami ba ne.

Amsa ga masu suka

Za a iya ce mini, ashe kai ma mai tacewa ne, ashana ce kawai ba ka riƙe ba. Sukar tana da ƙarfi, domin duk mai auna littafi da mudun ɗabi'a yana dab da zama ɗan sanda. Bambancin da nake gani shi ne, mai tacewa yana ƙwace littafin ne ya ce a yarda da shi, shi kuwa shaida yana barin littafin a hannun mai karatu, ya kawo hujjarsa daga cikin labarin, ta yadda yarinya za ta iya komawa ta duba ta ce, "Malam, a nan ban yarda da kai ba." Ranar da ta faɗi haka da hujja, sharhin ya yi aikinsa, domin ta fara karatu da idonta.

Za a kuma iya cewa labari nishaɗi ne, a bar yara su huta. Na yarda nishaɗi haƙƙinsu ne, kuma sharhin da bai iya faɗin inda daɗin littafi yake ba, rabin shaida ya bayar. Amma a cikin nishaɗin ne mutum yake ajiye garkuwarsa. Wa'azi kan shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, labarin da aka karanta cikin bargo da tsakar dare kuwa yakan zauna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba iyaye da malamai kaɗai ke tanƙwarawar ba.

Akwai haƙƙin marubucin ma. Da yawa daga masu rubuta waɗannan labarai ba su fi masu karanta su da shekara 5 ba. A waya suke rubutu, babu edita, babu mai gyara. Sharhin gaskiya shi ne kaɗai makarantar da wasunsu za su samu. Wanda ya yi musu yabon ƙarya ya hana su girma, wanda ya yi musu ba'a kuma ya kashe alƙalamin da wataƙila da ya zama abin alfaharinmu gobe.

Kammalawa

Abin da nake nema ga mai sharhin littattafan matasa bai wuce abin da shari'a da al'ada suke nema ga kowane shaida ba. Ya karanta littafin har ƙarshe kafin ya buɗe baki. Ya faɗi kyansa da muninsa tare da hujjar da kowa zai iya dubawa. Kada tsoron a ce ya goyi bayan fitsara ya sa shi kushe mai kyau, kada kuma kunya ko hasafi su sa shi yabon maras kyau. Aljanu za su ci gaba da shiga labaranmu kamar yadda suka shiga tun zamanin Abubakar Imam, yaranmu kuma za su ci gaba da ɗaga kai suna kallon taurari. Ba mu da ikon hana su, ban kuma ga dalilin hanawa ba. Ikon da muke da shi shi ne, in sun tambaye mu yaya littafin nan yake, su sami amsar wanda ya karanta kuma ba zai yi musu ƙarya ba.