Tausayi Ne Ko Tauyewa?

Wata shekara da kaka muka shirya kai ɗalibai cikin darbejiyar nan da aka shuka don tare hamada a wajen garin Gumel. Wani ɗalibina ya roƙe ni in yarda ya taho da ƙanensa makaho. Na hana. Hujjata ita ce ƙaya da maciji da zafin rana, kuma wai me zai gani? Ran Alhamis sai ga yaron nan a kasuwar Maigatari, riƙe da ƙoƙo, yana ratsa ƙahonin shanu da manyan motoci masu lodin Kudu. Ban ji wanda ya ce akwai haɗari ba. Ni kaina sadaka na jefa masa na wuce.

To, ya mai karatu, hanin da na yi, don shi na yi ko don kaina? Da na bincika zuciyata sai na tarar ɗawainiya nake gudu, na lulluɓe ta da rigar tausayi. Mun yarda makaho da kurma su fuskanci haɗarin da zai kawo kwabo gida, amma ba mu yarda da wanda zai kawo musu sani da nishaɗi ba.

Ba na cewa tsoron iyaye banza ne. Kurma ba ya jin an ce "ga maciji!", makaho ba ya ganin bakin rijiya. Amma maganin wannan ai jagora ne, da malamin da ya iya maganar hannu, da alamar da aka yi ittifaƙi a kanta tun kafin a fita. Makiyayan Sule Tankarkar ba su daina kiwo don akwai ƙaya ba, takalmi suka nema.

Batun "me zai gani" kuwa, jahilcina ne. Daji ba na ido kaɗai ba ne. Akwai santsin jikin kuka da kaushin na tsamiya, akwai ƙamshin ƙasa ran ruwan farko, da kukan kurciya. Kurma kuma ya kan riga mu ganin sawun zomo a rairayi, domin surutu bai raba masa hankali ba. Mu marubuta ma da laifinmu. Duba littattafanmu, kusan duk siffantawarmu ta ido ce.

A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba naƙasassun Jigawa naira 7,000 duk wata, a 2019 kuma aka sa hannu a dokar tarayya ta hana nuna musu bambanci. Madalla. Sai dai babu dokar da za ta kama hannun yaro ta ɗora a jikin bishiya.

Da damina ta kewayo na tafi da shi gonar wani abokina a hanyar Gagarawa. Muna tsaye gindin gawo sai ya ce, "Malam, wannan ta mutu ne? Ban ji inuwarta ba, kuma iska ba ta magana a cikinta." Na ce a'a, gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Ya ce, "Don me?" Ɗalibaina masu ido su arba'in suna wurin, shekara da shekaru suna wuce gawo, babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya.