Atena a aljihun yaro: me ke rage wa abin girmamawa idan ya koma kati?

A shekara ta 438 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen birnin Atina na ƙasar Girka suka kafa gunkin allahiyarsu Atena a haikalin Fartenon. Masassaƙi Fidiyas ne ya yi shi da zinariya da hauren giwa, tsawonsa ya kai kamar mita 12. Yau Atenar nan tana kan wani ɗan kwali da bai wuce tafin hannu ba, cikin wasan Yu-Gi-Oh! da kamfanin Konami na Japan ya fara sayarwa a 1999. A ƙasan hotonta an buga lambobi biyu: ƙarfin hari 2600, ƙarfin kariya 800. Wannan hoto da ire-irensa wayar salula ta kawo su har hannun ɗalibanmu na Difa da Shetimari, don haka ya cancanci malamai su tsaya su yi tunani a kansa.

Abin da ke fara zuwa zuciyar iyaye shi ne tsoron shirka, kuma tsoro ne da ya kamata a saurara. Sai dai yaron da ke musayar Atena da wani kati ba ya roƙon ta komai, ba ya kuma jin tsoronta. Bautar waɗannan alloli ta durƙushe tun sa'ad da sarkin Rum Tiyodosiyus ya hana ta a shekarun 391 da 392. Daga baya Fartenon ya zama coci, ya kuma zama masallaci bayan Turkawa sun ci birnin a ƙarni na 15. Rashin masu jin tsoronta ne ma ya ba ɗan kasuwa damar yi mata kwalliya yadda ya ga dama, ya sa mata farashi.

Haɗarin yana wani wuri dabam. Kati yana riƙe suna, ya zubar da labari. Girkawa suna cewa Atena da Fosaidon, ubangijin teku a wurinsu, sun yi takara kan wanda zai mallaki birnin. Shi ya daki dutse da mashinsa, ruwan gishiri ya ɓulɓulo. Ita kuwa ta dasa itacen zaitun. Aka fifita zaitun, domin shi ke ciyar da mutane ya haskaka fitilarsu. Akwai kuma labarin Arakne, budurwa gwanar saƙa wadda ta ƙalubalanci allahiyar, ta yi aikin da ba a sami aibi a cikinsa ba, amma ta ƙare a gizo-gizo. Tambayar da ke cikinsa ba ta tsufa: girman kai ne ya kayar da yarinyar, ko kuwa mai iko ne ba ya son a fi shi? Duk wannan ba shi da gurbi a kan kati. Abin da ya rage shi ne wa ya fi wani ƙarfin bugu.

Lamba tana da wurinta. Buhun tattasan Komadugu dole a auna shi a faɗi kuɗinsa, in ba haka ba manomi ya cutu. Amma hikima ba a sa ta a tiya. A kwarin da ya san amon bindiga tun harin da aka kai wa Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015, inda yara da yawa suka tashi cikin gudun hijira, bai kamata mu yi sakaci da wasan da ke koya musu cewa darajar kowa ita ce yawan ɓarnar da zai iya yi ba. Labarin zaitun ya fi dacewa da su, kuma ba ya buƙatar komai sai malamin da ya san shi.

Saboda haka ba ƙwace kati ne aikin malami ba. Ɗalibin da ya san sunan Atena ko Afrodit daga wasa ya riga ya tako bakin ƙofa. Idan ya iso ga wasan kwaikwayon Phèdre da Racine ya fitar a 1677, inda Fenus ke azabtar da mace da son da ba ta nema ba, ba zai zama baƙo ba. Namu shi ne mu shigar da shi cikin ɗaki.

Tambaya mafi nauyi ta shafi namu na gida. Za a iya yi wa Aisa Kili kati, wadda tarihin baka ya ce ta riƙe sarautar Barno a ƙarni na 16 kafin Mai Idris Aloma? Sarauniya Mangu ta Lugu fa, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899? Abdoulaye Mamani ya sa ta a littafi a 1980, Med Hondo ya sa ta a fim a 1986, kati kuwa bai yi nisa da nan ba. A nan bambanci ya fito fili. Haikalin Atena ya zama wurin yawon buɗe ido, amma Lugu gari ne mai rai, da mutanen da ke girmama wannan sarauta. Haka nan Inna da Doguwa: ko mutum ya yarda da bori ko ya ƙi shi, akwai masu kiran sunayen nan da rawar jiki. Wanda zai zana su ya sayar, ya kamata ya fara neman izinin masu abin.

Ƙungiyoyin raya al'adu suna iya rigan ƴan kasuwa. Su buga katunan da ba su ɗauke da lambar ƙarfi, a bayan kowane a rubuta labarin da Hausa da Kanuri, a ambaci garin da aka ji shi. Idan muka yi jinkiri, wani kamfani na nesa zai zana mana kakanninmu mata da siffar da ta yi masa daɗi, yaranmu kuma su san su ta lambar da ya ba su.